Wa Ya Gwada Mudun? Tauraron Ɗan'adam, Jirgin Sama da Hazon Hunturu

 

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Hakimin Konduga, iyayenmu lawanai da bulamai, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da sanyi. Na san a ƙasar Barno nake, kuma da Kanurancina ya wuce na gaisuwa, da shi zan yi magana. Tun da bai wuce ba, ku yi haƙuri da Hausa, harshen da kasuwa ta haɗa mu a kansa.

Da safen nan, direban da ya ɗauko mu daga Maiduguri da fitila a kunne ya shigo garin nan, alhali ƙarfe tara ta gota. Rana tana sama kamar farantin tasa, kana iya zuba mata ido ba ta ce maka komai ba. Na sauka na shafa gashin idona, sai ga fari a yatsa. Wannan farin shi ne abin da zan yi magana a kai yau, da iskar da ta kawo shi, da kuma mutanen da suka kashe dukiya mai yawa don su auna su daga sama.

Bari in fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Wannan tudun rairayi da ya ratso Maiduguri, ya biyo ta Konduga, ya nufi Bama, gaɓar ruwa ce. Wajen shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, kuma igiyar ruwansa ce ta tara wannan rairayi. A cikin tudun, a nan Konduga, masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da Jami'ar Maiduguri sun tono ɓaraguzan tukwane da suka haura shekaru 6,000. Ke nan akwai wata mata da ta yi girki a nan tana kallon ruwan da ba ta ganin ƙarshensa. Wuri mafi zurfi na wancan tafki yana arewa maso gabas da mu, a ƙasar Cadi, tafiyar kilomita 700 zuwa 800. Sunansa Bodele. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda yawancinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas kuwa tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin kwararo, ta fito da ƙarfi ta faɗa wa wannan fili. Da dare tana gudu a can sama. Idan rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, sai ta sauko ta kwashi ƙura. A 2005 wata tawagar masana daga Ingila, cikinsu akwai Richard Washington da Martin Todd, ta yi zango a can ta auna wannan da kanta. Bayan kwana ɗaya ko biyu, ƙurar tana kan gashin idonmu. Ƙasan tsohon tafki ne yake zuwa ziyara gaɓarsa.

Wannan hazo ba ƙaramin abu ba ne a rayuwarmu. Yana hana jirgi sauka a Maiduguri da Kano. Yana tayar wa masu asma da ciwonsu. Lokacinsa ne lokacin sanƙarau, kuma manyan cikinmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000. Iskar da ke sama kuma, wadda ba ma ji a jikinmu, ita ke tsara damina. A watan Agusta akwai wani kogin iska da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kilomita 3 zuwa 4 sama da ƙasa, ɗan arewa da mu kaɗan, kuma a jikinsa ne manyan hadura suke ƙulluwa. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin sanin yanayi tun da wuri.

To, ta yaya ake auna iskar da ke kilomita 4 ko 10 sama da kai? Tsohuwar hanya ita ce a ɗaura na'ura a jikin balan-balan a sake shi, yana hawa yana aiko da labari. Hanya ce mai kyau, sai dai tsada, kuma tashoshin da ke yin ta a Afirka ba su da yawa. A kan teku da hamada kuwa kusan babu. Ga wata matsala ta musamman ga ƙasashe masu zafi: a Turai, idan ka san zafi da nauyin iska a wurare daban-daban, lissafi zai ba ka inda iska ta nufa. Kusa da tsakiyar duniya wannan lissafi yana rauni. Dole a auna iskar ita kanta.

Shi ya sa Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba wani tauraron ɗan'adam mai suna Aeolus ranar 22 ga Agusta, 2018. Na'ura ɗaya tak ya ɗauka, irin wadda ake kira laidar. Na ga wasu sun yi murmushi. Ba ledar zuba tumatir ba ce. Ƙanwar rada ce, sai dai ita da haske take aiki.

Kowa a nan ya taɓa haska tocila cikin dare a lokacin hazo. Kana ganin sandar haske a tsaye cikin iska, abin da ba ka gani a daren da sama ta washe. Dalili shi ne ƙwayoyin ƙura suna maido maka da wani ɓangare na hasken. Laidar haka take, illa dai ita hasken leza take harbawa a guntu-guntu, ta ƙirga lokacin da kowane guntu ya ɗauka kafin ya dawo. Wanda ya dawo da wuri ya bugi abu na kusa, wanda ya jima ya bugi na nesa. Ta haka take sanin ƙura tana hawa na nawa, kaurinta kuma nawa. Saura gudun iska. Ku tsaya a bakin titin Bama tirela ta taho tana hon: tana matsowa muryar tana siriri, tana wucewa muryar ta yi kauri. Haske ma haka yake yi. Idan ƙurar da ya buga tana gudu zuwa wajen na'urar, launinsa yana ɗan sauyawa ta wani gefe. Idan guduwa take yi daga gare ta, ya sauya ta ɗaya gefen. Sai dai sauyin ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Iskar da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa tana sauya hasken da abin da bai wuce a ce igiya mai tsawon kilomita 1,000 ta ƙaru da milimita 7 ba. Wannan ne ake so a gano daga nisan kilomita 320, da na'urar da ke gudun fiye da kilomita 7 a kowace daƙiƙa, tana harbi sau 50 a daƙiƙa.

A nan nake so mu tsaya mu shiga kasuwa. Ina yaro, mahaifiyata ta aike ni sayen gero, tiya uku. Na kai gida ta juye a nata kwanon awo, sai ga shi bai cika ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna muka koma, ta ɗauki tiyar mai hatsin ta kifa, ta nuna mini gindinta: an bubbuga shi ya lotsa ciki. Daga sama tiya ce sak, an ma tsiri ta har gero na zuba. Mai hatsin ya rantse shi ma haka ya saye ta, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Da ba mu da wani kwano a gida, da har yau ina ganin tiya uku na sayo. Mudu ba ya iya shaidar kansa. Sai an juye abin da ya auna a cikin wani.

Tauraron ɗan'adam mudu ne, kuma wanda ba a iya kifa shi a duba gindinsa, don yana can sama ba mai taɓa shi. Girgizar roka ta jijjiga shi, zafi da sanyi suna gasa shi sau 16 a rana yayin da yake kewaya duniya. Saboda haka sai a ɗauki wani mudu a bi shi. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus tana da ƙaramin jirgi samfurin Falcon. Ta sa masa laidar biyu: ɗaya ƙanwar ta cikin tauraron ce, an ƙera ta a kan tsari ɗaya, ɗayar kuma tsohuwa ce da aka daɗe ana gwadawa har aka yarda da ita. Ana lissafa layin da tauraron zai bi da daidai mintin da zai wuce, matuƙi ya tashi tun da wuri ya hau wannan layi, kilomita 10 ko fiye sama da ƙasa, na'urori suna leƙen ƙasa. Tauraron yana shafe cikin minti biyu abin da jirgin zai yi fiye da awa yana bi. A wasu jiragen akan jefo ƙananan na'urori masu lema, suna saukowa suna auna iska hawa-hawa, su zama shaida ta uku. Aeolus da asuba da kuma magariba yake ratsa yankuna masu zafi, don haka ma'aikatan nan ba su san barcin safe ba.

Me aka gano? An gano gindin tiyar ya lotsa. An ƙera na'urar da nufin karkatarta kada ta wuce mita 0.7 a daƙiƙa. Gwajin farko a sararin Turai a ƙarshen 2018 ya nuna tana ƙari da wajen mita 2. A gwajin tsakiyar 2019 sai ta koma ragi, da fiye da mita 4. Ƙarfin lezar ma yana raguwa, har aka koma kan ta biyu a watan Yunin 2019. Jirgi ya tabbatar akwai aibu, amma in yi adalci, ba shi kaɗai ya gano babban dalilin ba. Masana a Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai da ke Reading a Ingila, da abokan aikinsu, sun lura cewa kuskuren yana hawa yana sauka tare da zafin babban madubin na'urar, mai faɗin mita ɗaya da rabi. Idan tauraron ya bi ta kan farin gajimare ko hamada ko teku, ɗumin da ke tasowa daga ƙasa yana bambanta, zafin madubin ya ɗan sauya da abin da bai kai digiri ɗaya ba, awo ya karkace. Da aka gane haka, sai aka sa gyaran cikin lissafi a watan Afrilun 2020, ba tare da kowa ya taɓa madubin ba. Cibiyar ta fara sa awon Aeolus cikin hasashenta na kullum tun Janairun 2020, kuma inda ya fi amfani shi ne sararin ƙasashe masu zafi, wato kanmu.

Bayan Turai an je Aislan a watan Satumban 2019 don a gwada shi cikin iska mai tsananin gudu. Sannan aka zo kan ƙura. Annobar korona ta ɗaga aikin daga 2020, sai a Satumban 2021 Jamusawa da Faransawa suka kai jiragensu tsibirin Sal na Cape Verde, Amurkawa kuma suka tsare ɗaya gefen Tekun Atlantika da babban jirginsu DC-8, kafin su ma su zo Sal a 2022. A garin Mindelo an kafa laidar a ƙasa suna kallon sama. Darasin da aka samu ya shafe mu kai tsaye. Na farko, inda ƙurar Sahara ta yi kauri, hasken tauraron yana raunana kafin ya ratsa ta, ga shi na'urar ta tsufa, sai warwatsewar awon iska ta kai wajen mita 7 a daƙiƙa. Na biyu, ƙwayar ƙura ba mulmulalliya ba ce kamar ɗigon ruwa. Tana da kusurwa da kaifi, tana murɗa hasken da ya buge ta. Na'urar Aeolus kuwa ba a ƙera ta ta karɓi murɗaɗɗen ɓangaren ba, don haka tana ganin ƙura ƙasa da yadda take. Ana cikin aikin ma dutse ya yi aman wuta a tsibirin La Palma ranar 19 ga Satumban 2021, hayaƙinsa ya gauraya da iskar yankin, aka samu ƙarin abin rarrabewa.

Akwai wani misali da na fi so in ba ɗalibai, don ya nuna yadda lamba ɗaya take iya ɓata lissafi duka. Kafin Aeolus akwai CALIPSO, na Amurka da Faransa, wanda aka harba a watan Afrilun 2006 ya yi aiki har 2023. Laidarsa tana ganin hasken da ya dawo, amma ba ta ganin wanda ya ɓace a hanya. Dole a ƙaddara wata lamba da ke haɗa su biyun, kuma ga ƙura an sa 40. Da aka je Maroko a 2006 da na'urorin da ke iya auna lambar kai tsaye, daga ƙasa da kuma daga jirgi, sai ta fito tsakanin 50 da 55. Ƙurar ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya kuwa ta fi kusa da 40. Ashe ƙura ma suna ta tara. Daga baya masu CALIPSO suka ɗaga tasu lambar zuwa 44. Kun sha ji a rediyo cewa ƙurar Sahara tana takin dajin Amazon: tan miliyan 182 ke barin Afirka a shekara, tan miliyan 27.7 ke sauka a can. Daga awon CALIPSO na 2007 zuwa 2013 aka fitar da waɗannan alƙaluma. Ban ce ƙarya ba ne. Na ce da tiya aka auna su, kuma mai hankali yakan tambayi wace tiya. Ko rabon da Bodele ke da shi a cikin abin da ke isa Amazon, masana suna jayayya a kai har yanzu.

An taɓa kawo irin waɗannan jirage kusa da mu. A 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, Yamai ta zama sansani. A watannin Janairu da Fabrairu jirgin bincike na Ingila ya tarar da sararin hunturu hawa biyu ne: ƙura a ƙasa, hayaƙin ƙunar daji a samanta. A watan Yuli kuma jiragen Faransa da Jamus masu laidar suka ga yadda goshin iskar damina yake tono ƙura ya ɗaga ta sama yayin da yake kutsawa arewa. Manomi a nan ya san wannan tun kafin a haifi masu jirgin: jan bangon ƙura da ke gabatar ruwan farko, mata suna ta kwashe shanya. Abin da na'ura ta ƙara shi ne tsayi da kauri da gudu, cikin lambobi.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Cape Verde tana nesa da Bodele da dubban kilomitoci. Ƙurar da ta isa can ta kwana da kwanaki a hanya, manyan ƙwayoyinta da yawa sun zube, ta hau kan iskar teku mai laima. Wadda muke shaƙa a Konduga sabuwa ce, mai nauyi, a ƙasa-ƙasa take, kuma a hunturu take zuwa, ba a Satumba ba. Mudun da aka gwada da wancan hatsi, ba lallai ya yi daidai da namu ba. Ban zargi Turawa ba. Sun je inda ke da filin jirgi da kwanciyar hankali da kuma abin da suke son sani, wato yadda ƙura ke shafar guguwar teku. Mu ma mun san abin da shekarun tashin hankali suka yi wa yankin nan, ba sai na faɗa wa mutanen Konduga ba. Amma sakamakon shi ne, hasashen da ke shigowa wayoyinmu yana dogara da awon da ba a cika gwada shi a sararinmu ba. Nijeriya ta harba tauraronta na farko a 2003, muka yi murna, kuma ta cancanci murna. Sai dai harba tauraro ya fi ɗaukar ido a kan ajiye ƙaramar na'ura a kan rufin makaranta ana share mata ƙura kowace safiya har shekara ashirin, alhali na biyun ne ke sa a yarda da na farkon. Jami'ar Ilorin ta riƙe irin wannan na'ura mai auna yadda ƙura ke rage hasken rana tun 1998, kuma masana a duniya suna ambaton Ilorin saboda ita. A Nijar an kafa irinta a Banizumbu kusa da Yamai, da kuma Maine Sorowa, nan maƙwabtanmu ta wajen Diffa. Ba jirgi ba ce, ba ta kai kuɗin jirgi ko kusa ba.

Aeolus ya gama aikinsa a ƙarshen Afrilun 2023, bayan ya zarce shekaru ukun da aka ɗibar masa, kuma ranar 28 ga Yuli aka karkato shi ya ƙone a sararin Antatika. A ƙarshen Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE, wanda laidarsa take iya karɓar murɗaɗɗen hasken nan da Aeolus ya rasa, take kuma auna lambar da CALIPSO ya riƙa ƙaddarawa. Watanni kaɗan bayan harba shi, wani jirgin bincike na Jamus ya tashi daga Sal yana bin sawunsa. Ana kuma shirin magajin Aeolus nan gaba.

Ɗalibai, ga abin da za ku iya farawa da shi gobe ba tare da jiran kowa ba. Ku zaɓi abubuwa huɗu ko biyar da ake hangowa daga ƙofar makaranta: bishiyar kuka, hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis na waya, tankin ruwa. Ku auna nisan kowanne da taswirar waya. Kowace rana, ƙarfe tara na safe da ƙarfe uku na yamma, mutum ɗaya ya tsaya wuri ɗaya ya rubuta wanne ne mafi nisa da yake iya gani, iska daga ina take, da kwanan wata. Haka ma'aikatan yanayi a filayen jiragen sama suka daɗe suna auna nisan gani, kuma da irin waɗannan tsofaffin littattafai na tashoshin Sahel masana suka gano yadda ƙura ta ƙaru a shekarun fari na 1970 da 1980. Sharaɗin kawai kada a tsallake rana, kada kuma wanda ya makara ya cike gurbi da ka. Idan ba a duba ba, a bar layin fari.

Na zo da ɗan ƙaramin madubin ƙara girma da kwalba biyu, ɗaya da rairayin tudun nan, ɗaya da ƙurar da na share daga gilashin mota da safe. Suna kan teburin can na baya, duk mai so ya leƙa bayan an tashi. Shugaba ya nuna mini agogo sau biyu, don haka ga lasifika. Baba da ke sahun gaba ya ɗaga hannu tun ina maganar tiya, a fara da shi.